BABI NA UKU: AMFANI DA MAGUNGUNAN HALITTA WAJEN KARE HATSI DAGA ƘWARIN MA'AJIYA

3.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa mafi yawan abincin da ake ci a shekara ana girbe shi ne a kaka, tsakanin watan Satumba da Disamba, kuma shi ne zai riƙe gida har wata kakar ta zagayo. Wannan ne ya sa adana amfanin gona yake da muhimmanci kamar noma shi. Manomi yana iya tsira daga fari da fara da tsuntsaye, ya kai amfaninsa gida lafiya, sannan ƙwari su cinye masa shi a cikin rumbu ko buhu. Lokacin da ɓarnar ta fi tsanani kuwa, wato daga bazara zuwa tsakiyar damina, shi ne lokacin da abinci ya fi tsada a kasuwa, kuma a lokacin ne ake neman irin shuka.

A wannan babi za a yi bayani a kan hanyoyin yaƙi da waɗannan ƙwari ta amfani da magungunan da aka samo daga halittu masu rai. Za a fara da kawo ire-iren ƙwarin da yadda suke rayuwa, sannan a duba dalilan da suka sa ake neman madadin guba, daga nan a bi magungunan rukuni-rukuni. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, kowane maganin halitta yana da matakin rayuwar ƙwaro da yake iya kai wa gare shi, yana kuma da irin ma'ajiyar da yake aiki a cikinta. Wanda bai san waɗannan abubuwa biyu ba zai yi asarar maganin da hatsin gaba ɗaya.

Ko da yake a asalin Hausa kalmar hatsi ta fi nufin gero da dawa, a wannan nazari an faɗaɗa ta ta ƙunshi masara da wake, domin ana adana su ne ta hanya ɗaya, kuma su ne ƙwari suka fi yi wa ɓarna.

3.1 Ƙwarin da ke Ɓata Hatsi a Ma'ajiya

Mafi yawan ƙwarin ma'ajiya dangin buzuzu ne, wato ƙwari masu taurin fiffike. Rayuwar kowannensu tana da matakai huɗu: ƙwai, da tsutsa, da matakin kwanci inda tsutsar ke rikiɗa, sai kuma babban ƙwaro. Masana sun kasa su gida biyu. Akwai waɗanda ke iya huda lafiyayyar ƙwaya su rayu a cikinta, akwai kuma waɗanda sai ƙwaya ta fashe ko ta zama gari suke iya cin ta.

A rukuni na farko, wanda ya fi shahara shi ne ƙwaron wake, wanda masana ke kira Callosobruchus maculatus. Yakan fara kama wake tun yana gona, a shigo da shi gida ba tare da an sani ba. Macen tana manna ƙwanta a bayan ƙwayar wake, kuma takan yi ƙwai tsakanin 60 da 100. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar tana huda ƙwayar ne kai tsaye ta ƙarƙashin ƙwan, ba ta fitowa fili ko kaɗan. A ciki za ta ci ta girma ta rikiɗa, sai bayan mako 3 zuwa 4 a lokacin zafi babban ƙwaro ya fasa ya fito, ya bar hujin nan da ake gani. Babban ƙwaron ba ya buƙatar cin komai, kuma bai cika wuce mako 2 a duniya ba. A Jamhuriyar Nijar da sauran yankin Sahel yana da ɗan'uwa mai suna Bruchidius atrolineatus, wanda ya fi yawa a gona da farkon ajiya, amma da rani ya yi nisa sai ya daina haihuwa ya bar wa na farkon fili.

Domin a gane saurin yaɗuwar ƙwaron wake, a ɗauka mace guda ta yi ƙwai 80, rabi suka rayu, rabin waɗannan kuma mata ne. Ke nan a zagaye na farko an sami mata 20, a na biyu 400, a na uku 8,000. Wannan duk a cikin kimanin wata 3 ne, daga mace guda.

Sai kuma ƙwaron masara mai dogon baki, Sitophilus zeamais, wanda ke kama masara da dawa da shinkafa. Ita macen wannan takan huda ƙwaya da bakinta, ta saka ƙwai a ciki, ta toshe ramin da wani abu mai danƙo. Saboda haka shi ko ƙwansa ma a ɓoye yake. Amma babban ƙwaron yana cin hatsi, yana kuma yin watanni a raye. Akwai kuma ƙaramin mahudin hatsi, Rhyzopertha dominica, da ke damun dawa da alkama, da babban mahudin hatsi, Prostephanus truncatus, da ke cin masara da busasshen rogo. A rukuni na biyu, wanda aka fi gani shi ne jan ƙwaron gari, Tribolium castaneum, wanda ke sa gari ya yi wari ya canja launi.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan ɓarnar tsutsa ce ke yin ta, ita kuwa tana ɓoye a cikin ƙwaya. Duk wani magani da za a yi amfani da shi, tambayar farko ita ce ko zai iya kai wa ga tsutsar, in kuwa ba zai iya ba, to a wane mataki zai tare ƙwaron.

3.2 Dalilan Neman Madadin Guba

Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka dogara ga magungunan da ake haɗawa a masana'antu. A kasuwannin hatsi irin su Dawanau ta Kano an san hodar da ake barbaɗawa, da ƙwayar fostoksin mai fitar da iskar fosfin, da kuma ruwan dikilobos wanda jama'a ke kira fiya-fiya. Waɗannan magunguna suna da saurin kisa, shi ya sa 'yan kasuwa suka rungume su. Sai dai kuma sun zo da matsaloli guda uku.

Ta farko ita ce lafiyar masu ci. Sau da yawa ana zuba magani fiye da ƙima, ko a yi amfani da wanda ba a yi shi domin kayan abinci ba, ko a fitar da hatsi kasuwa kafin ƙarfin maganin ya sauka. A shekarar 2008 an sami aukuwar gubar wake a jihohin Gombe da Kuros Riba, inda mutane fiye da 100 suka kwanta asibiti a kowace jiha. A wannan shekara ce hukumar NAFDAC ta haramta magungunan gona guda 30, cikinsu har da lindan, wanda aka fi sani da gamalin.

Ta biyu ita ce asarar kasuwa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bi mata. Duk da haka, a watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an riƙa samun dikilobos daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce. A 2016 aka ƙara wa dakatarwar shekara 3.

Ta uku ita ce juriyar ƙwari. Idan aka yi ta amfani da magani ɗaya, musamman a ma'ajiyar da iska ke fita, 'yan ƙwarin da suka tsira su ne za su hayayyafa, 'ya'yansu kuma su gaji juriyar. Binciken da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a 1972 zuwa 1973 ya nuna cewa tun a wancan lokaci ƙwarin ma'ajiya a ƙasashe da dama sun fara jure wa lindan da malatiyon, har ma da fosfin.

3.3 Ma'anar Maganin Halitta

Maganin halitta shi ne duk wani abin yaƙi da ƙwari da aka samo daga tsiro, ko daga ƙananan halittun da ido ba ya gani, ko kuma ya kasance shi kansa halitta ce mai rai da ke kashe ƙwaro. Wasu masana ba sa lissafa ƙwari masu cin ƙwari a cikin magunguna, domin ba zuba su ake yi ba, sakin su ake yi. Wannan nazari ya haɗa da su, saboda manufar ɗaya ce. Ta haka an sami rukuni uku: na tsirrai, da na ƙwayoyin cuta, da na ƙwari masu cin ƙwari.

Ya kamata a bambanta waɗannan da toka da yashi da hodar ƙasar diyatom. Su ma ba guba ba ne na masana'anta, kuma Bahaushe ya daɗe yana gauraya wake da toka, amma aikinsu na toshe sarari ne da karce jikin ƙwaro har ya bushe. Za a ambace su ne kawai inda suke taimaka wa maganin halitta.

3.4 Magungunan da ake Samu daga Tsirrai

3.4.1 Darbejiya

Darbejiya, wadda a wasu wurare ake kira dogon yaro ko maina ko bedi, asalinta daga yankin Indiya take. An shigo da ita Lardin Barno a 1928, daga nan ta bazu a Arewa baki ɗaya. A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a ƙasar Sudan cewa fara ta cinye ganyen itatuwa amma ta bar na darbejiya. A 1968 kuma masu bincike a Jami'ar Keele ta Ingila suka ware sinadarin da ke yin wannan aiki, wato azadiraktin. Sinadarin yana hana ƙwaro cin abinci, yana rage yawan ƙwan da mace ke yi, yana kuma hana tsutsa saɓa, ita kuwa tsutsa in ba ta yi saɓa ba ba za ta girma ba.

Manoma sun fi amfani da ganye, su shimfiɗa shi a ƙasan rumbu da tsakanin dammuna. Amma sinadarin ya fi yawa a cikin ƙwallon 'ya'yan, saboda haka man da aka tatsa daga ƙwallon ya fi ganye ƙarfi nesa ba kusa ba. Adadin da aka saba bayarwa ga wake shi ne mililita 2 zuwa 3 a kowane kilo, wato mililita 200 zuwa 300 ga buhu mai kilo 100. Idan da hannu aka tatsa, kilo guda na ɓararren ƙwallo yana ba da mililita 100 zuwa 150, ke nan buhu guda zai buƙaci ƙwallo kilo 2 zuwa 3.

Dalilin da ya sa mai yake yi wa ƙwaron wake illa shi ne ƙwansa a waje yake. Man yana lulluɓe ƙwan ya toshe masa hanyar numfashi, yana kuma hana sabon ƙwai mannewa sosai. Ko man gyaɗa ma yana yin wannan aiki. Binciken da aka yi a cibiyar IITA ta Ibadan, aka buga a 1978, ya nuna cewa mililita 5 na man gyaɗa a kilo guda yana kare wake har wata 6. Amma tsutsar da ta riga ta yi nisa a cikin ƙwaya mai ba ya cika kai wa gare ta. Saboda haka dole a shafa shi da zarar an sussuke waken, a kuma cuɗa har kowace ƙwaya ta samu. Aibin man darbejiya shi ne ɗaci, sai an wanke waken da ruwan ɗumi kafin a dafa. Wannan ya sa ya fi dacewa da waken da aka ware domin iri. Haka kuma idan ba a busar da ƙwallon da kyau ba yakan yi fumfuna mai guba, wadda ke iya bin man ta shiga abinci.

3.4.2 Anza da Sauran Tsirrai

Anza ƙaramin itace ne da ke fitowa a busassun wurare na Sahel, kuma an san shi a matsayin abincin lokacin yunwa. Idan aka daka ɗanyen ganyensa ko 'ya'yansa, yakan fitar da wani tururi mai yaji, na wani sinadari mai ɗauke da farar wuta, wanda ke kashe manyan ƙwari da ƙwai. An tabbatar da wannan a binciken da aka yi a Senegal a farkon shekarun 1990. Tun da tururi ne ke aikin, sai a cikin tulu ko randa ko duro da aka rufe bakinsa yake yin tasiri sosai. A rumbun kara iska ce za ta kwashe shi.

An kuma jarraba garin masoro da kanumfari da ɓawon lemo, aka ga suna kashe ƙwari ko su kore su. Barkono, wanda mata suka fi zubawa a cikin wake, gwaje-gwaje sun nuna ƙarfinsa bai kai na masoro ba. Matsalar da ta game dukkan tsirrai ita ce ƙarfinsu yana bambanta gwargwadon ƙasar da suka fito da lokacin da aka tsinke su da yadda aka adana su, sannan yana raguwa da tafiyar watanni.

3.5 Magungunan da ake Samu daga Ƙwayoyin Cuta

3.5.1 Fumfuna Mai Kashe Ƙwari

Kamar yadda ɗan'adam yake kamuwa da cuta, haka ma ƙwari suke. A 1835 wani Ba'italiye, Agostino Bassi, ya nuna cewa wata fumfuna ce ke kashe tsutsar siliki, shi ya sa daga baya aka sa mata suna Beauveria bassiana. Akwai kuma 'yar'uwarta Metarhizium, wadda shirin LUBILOSA da aka fara a 1989 ya sarrafa wani nau'inta ya zama maganin fara mai suna Green Muscle, aka kuma gwada shi a Nijar da wasu ƙasashen Sahel. Waɗannan dabam suke da fumfunar da ke ɓata gyaɗa da masara ta sa musu guba. A jikin ƙwaro suke rayuwa.

Yadda suke aiki shi ne, irinsu mai kama da hoda yana manne wa jikin ƙwaro, ya tsiro, ya huda fatar ya shiga ciki, ya yaɗu har ƙwaron ya mutu a cikin kwanaki kaɗan zuwa kimanin 10. Amfaninsu shi ne ba sai ƙwaro ya ci ba, taɓawa kawai ta isa, saboda haka suna kama babban ƙwaron wake ko da yake ba ya cin abinci. Wani gwajin ɗakin bincike da aka yi a cibiyar IITA ta Kwatano a Jamhuriyar Benin, aka buga a 2005, ya nuna wasu nau'o'in Beauveria suna kashe ƙwaron wake sosai. An kuma gano cewa haɗa irin fumfunar da hodar diyatom yana ƙara mata ƙarfi, domin hodar tana karce fatar ƙwaro.

Sai dai akwai cikas guda uku. Na farko, jinkirin kisa yana ba macen ƙwaron wake damar yin wani ɓangare na ƙwanta kafin ta mutu, domin a kwanakin farko ne ta fi yin ƙwai. Na biyu, fumfunar ba ta yin sabon iri a jikin gawar ƙwaro sai da laima mai yawa, shi kuwa hatsi dole a ajiye shi a bushe, danshinsa bai wuce kashi 12 ko 13 cikin 100 ba. Ke nan ba za ta yaɗu da kanta ba, sai an zuba da yawa tun farko. Na uku, ta fi jin daɗin zafin digiri 23 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, kuma takan raunana idan ya haura 35, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram zafin bazara yakan wuce digiri 40.

3.5.2 Bakteriya

Bakteriyar da ta fi shahara ita ce Bacillus thuringiensis. An fara gano ta a Japan a 1901, sannan Ernst Berliner ya sake gano ta a Jamus a 1911 a jikin tsutsar malam-buɗe-littafin da ke ɓata garin alkama. Tana yin wani furotin wanda in ƙwaro ya ci sai ya huda masa hanji. A 1983 aka bayyana wani nau'inta mai kashe dangin buzuzu. Duk da haka amfaninta a ma'ajiya kaɗan ne game da ƙwarin da aka ambata, domin sharaɗinta shi ne a ci ta, tsutsar kuwa tana cikin ƙwaya. Ta fi dacewa da tsutsotsin malam-buɗe-littafi da ke yawo a saman hatsi. Ya kamata a lura cewa irin wake SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019 ɗauke da furotin ɗin wannan bakteriya, tsutsar da ke huda fure da kwanson wake a gona yake karewa. Ba ya hana ƙwaron ma'ajiya.

Wanda ya fi yin tasiri shi ne sifinosad, sinadarin da wata bakteriyar ƙasa ke fitarwa. An samo ta ne daga ƙasar da aka ɗebo a wani tsibiri na yankin Karibiyan a 1982. Yana kama jijiyoyin ƙwaro ta hanyar taɓawa ko ci, kuma ƙarfinsa yana daɗewa a cikin hatsi tun da babu hasken rana. A 2005 Amurka ta amince da amfani da shi a kan hatsin ajiya a kan miligiram 1 a kowane kilo. Yana da ƙarfi ƙwarai a kan ƙaramin mahudin hatsi, amma babban jan ƙwaron gari yakan jure masa.

3.6 Ƙwari Masu Cin Ƙwari

Wannan rukuni shi ne ke iya kai wa ga tsutsar da ke cikin ƙwaya. Bahaushe ya san zanzaro, wanda ke harbin tsutsa ya sumar da ita, ya kai ta ɗakinsa na laka domin ɗansa ya ci. A cikin rumbunan wake akwai wasu ƙananan dangin zanzaro da ke yin kusan haka. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dinarmus basalis. Macen tana bin ƙwayoyin wake tana laluba da ƙahonninta, in ta ji tsutsa a ciki sai ta soka tsinken bayanta, ta sumar da tsutsar, ta ɗora mata ƙwai. Ɗanta zai cinye tsutsar, ya fito a maimakon ƙwaron wake. Akwai kuma Uscana lariophaga, wanda tsawonsa bai kai rabin milimita ba, shi a cikin ƙwan ƙwaron wake yake saka nasa ƙwan. An yi nazarin waɗannan a Nijar da Burkina Faso da Togo.

Waɗannan ƙwari dama suna nan a rumbuna, sai dai a farkon ajiya ba su da yawa, kuma kafin su yawaita ɓarna ta riga ta auku. Gwaje-gwaje sun nuna cewa idan aka ƙara sakin su a makonnin farko, a kuma maimaita, yawan ƙwaron wake yana raguwa ƙwarai. Ba sa barin komai na guba, kuma sheƙa kawai ta isa ta fitar da gawarsu. Matsalar ita ce sai an sami wurin kiwonsu da hanyar kai su ga manomi da ransu a daidai lokacin girbi.

Misalin da ya fi girma a Afirka shi ne na babban mahudin hatsi. Asalinsa daga Meziko da Amurka ta Tsakiya yake. Ya ɓulla a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, inda aka sami asarar da ta kai kashi 34 cikin 100 na nauyin masara a wasu rumbuna bayan wata 3 zuwa 6. A 1984 aka gano shi a Togo, daga nan ya bazu zuwa ƙasashen maƙwabta. Da yake ya zo ne ba tare da abokan gabansa ba, sai masana suka koma ƙasarsa ta asali suka ɗauko wani ƙaramin baƙin buzuzu mai suna Teretrius nigrescens, wanda ke cin ƙwansa da tsutsarsa. An fara sakin sa a Togo a 1991. Yana gano abincinsa ne ta bin ƙanshin da mahudin ke fitarwa domin kiran 'yan'uwansa. Bayan 'yan shekaru an ga raguwar mahudin a kudancin Togo da Benin, ko da yake nasarar ba ta zama daidai a kowane yanayi ba. Darasin da ke nan shi ne, irin wannan aiki na hukuma ne da cibiyoyin bincike, kuma in ya kankama manomi yana cin moriyarsa ba tare da ya biya ko kwabo ba.

3.7 Dacewar Magani da Ma'ajiya

Idan aka yi la'akari da bayanan da suka gabata, za a ga cewa wasu magungunan suna taimakon juna, wasu kuwa suna warware aikin juna. Fumfuna da hodar diyatom suna tafiya tare. Amma tururin anza ya fi saurin kashe ƙaramin zanzaro fiye da tsutsar da ke ɓoye a cikin ƙwaya, kamar yadda aka gano a Burkina Faso. Shi ma sifinosad yana kashe waɗannan ƙwari masu amfani. Wanda ya haɗa su ya kashe mai taimakonsa da hannunsa.

Haka abin yake game da ma'ajiya. Rumbun kara ko na ƙasa da ake zuba dammunan gero da dawa ko wake a kwansonsa yana da sarari da iska, saboda haka ya dace da ƙwari masu cin ƙwari da ganye masu korar ƙwari. Sussukakken wake kaɗan na iri ko na cin gida ya dace da mai ko toka. Randa da duro masu murfi sun dace da tsirrai masu tururi. Babban sito na ɗan kasuwa kuwa ya fi buƙatar abin da aka auna aka yi wa rajista.

Akwai kuma buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ya samo asali ne daga aikin da Jami'ar Purdue ta Amurka ta yi da masu bincike a Marwa, arewacin Kamaru, a ƙarshen shekarun 1980, aka kuma yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Shi ba magani ba ne. Ƙwarin da kansu suke shanye iskar oksijin da ke ciki, su daina ci, su mutu. A cikinsa zanzaro ma mutuwa zai yi, kuma ba a buƙatar ƙara komai matuƙar ledar ba ta huje ba.

Duk hanyar da aka zaɓa, akwai abubuwan da suka wajaba kafin ta. A girbe da wuri, a busar da kyau, a share rumbu a ƙone saura na bara, kada kuma a haɗa sabon hatsi da tsoho. Game da wake, shanya shi a kan baƙar leda a rufe da fara har zafinsa ya kai digiri 57 na tsawon awa 1 yana kashe ƙwaro a dukkan matakansa. Tun da magungunan halitta ba su da saurin guba, nan ne maganar Bahaushe ta rigakafi ya fi magani ta fi dacewa.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an kawo ƙwarin da ke ɓata hatsi a ma'ajiya da dalilan da suka sa dogaro ga guba ya zama haɗari ga lafiya da kasuwa. An ga cewa mai yana kama ƙwai, fumfuna da sifinosad suna kama babban ƙwaro, ƙananan zanzaro ne kuma ke kai wa ga tsutsar da ke cikin ƙwaya. Saboda haka ya kamata malamin gona ya fara tambayar wane ƙwaro ne, wane hatsi, wace ma'ajiya, kuma wata nawa za a ajiye, kafin ya ba da shawara. Haka kuma akwai buƙatar cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Nijeriya, mai hedikwata a Ilori da reshe a Kano, su ƙara himma wajen daidaita ƙarfin magungunan tsirrai, da neman nau'o'in fumfuna na gida masu jure zafin Arewa, da kuma fassara adadin da ake zubawa zuwa mudu da tiya da cokali, waɗanda su ne ma'aunin da manomi yake aiki da su.